Kunnen Gwaggo a Shataletale

Taubashiyata Tsinke ba ta gane mutum da fuska. In kun haɗu a hanya ka yi mata sallama, sai ta karkata kai ta leƙa gefen kanka tukuna, kana ta ce, "Au, ashe kai ne." Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka raini ne, alhali kunnenka take dubawa. A cewarta fuska maƙaryaciya ce, a shafa mata hoda ta sake, a ɓata mata rai ta sake, amma kunne yadda aka haife shi haka zai koma ga Mahaliccinsa. Ni kam tun muna yara ta gama da nawa. Ta ce faifai biyu aka liƙa min a kai, kuma har yau da nake da mata da 'ya'ya, Faifai take kirana a gaban mutanen da nake koya wa tuƙi. Ni ma ban fasa ce mata Tsinke ba, duk da yanzu ta yi jiki, kujerar gaban motata ce shaida.

'Yan kunne take ƙerawa. Tana yin zobe da sarƙa da awarwaro in an matsa mata, amma da ganin yadda take tura baki ka san alfarma take yi. Tun tana firamare abin ya kama ta. Cokulan gidansu suka riƙa ɓacewa, sai tsofaffin makullai, sai wayar rediyon babanta. Da yake ni ne mai yawan zuwa gidan, kuma ni ne mai fuskar marasa gaskiya, ni na sha ranƙwashin cokulan nan shekara da shekaru. Sai da aka ɗaga katifarta wata rana aka tarar da su an lanƙwashe su, an goge, an jera bibbiyu. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri.

Mahaifiyarta yayar babana ce, Gwaggo muke ce mata. Shugabar nas-nas ce a babban asibiti har ta yi ritaya, irin matan nan da in suka shigo ɗakin marasa lafiya har mai nishi yake sassautawa. Ita ta zaɓa wa Tsinke karatun haɗa magunguna, ita ta kai ta jami'a da kanta. Karatu ya yi nisa, kowa ya saki baki yana jiran shaida, sai aka gano yarinya ta daɗe da daina shiga aji. A wani lungu bayan tashar mota aka same ta, zaune gaban wani tsohon maƙerin azurfa da wuta ta cinye masa gira, tana riƙe masa awartaki, fuskarta duk baƙi, tana murna kamar an ba ta kyautar gari.

Da Gwaggo ta yi faɗa ranar da kowa ya huta. Ba ta yi ba. Ta dubi 'yarta sama da ƙasa, ta ce, "Kunne na ji ne, ba maratayi ba ne." Shi ke nan maganar da ta yi. Daga ranar duk wanda ya tambaye ta me Tsinke ke yi, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Tana nan. Muna dai addu'a Allah ya kawo aiki." Tsinke ta gama koyo, ta buɗe teburinta a ƙarƙashin matakalar wani bene, ta koma shago, ta ɗauki mata biyu suna taya ta guga da zubi, har a talabijin aka yi hira da ita, amma Gwaggo na nan tana roƙa mata aiki. Ba ta taɓa taka shagon ba. Ɗan kunne kuwa ko na zinariya ba ta sawa. Dokar asibiti ta hana su tun suna 'yan mata, ita kuma ta riƙe dokar har bayan asibitin ya sake ta, hujin kunnenta ya liƙe ruf, kullum ɗankwali a ja har wuya.

Tsinke na mai da abin wasa, amma ni na san yana cin ta. Shekaru ta yi duk sabon samfurin da ta fitar sai ta naɗe na farko ta kai wa uwar. Gwaggo ta ce an gode, ta ajiye. Wani ta ba jikar maƙwabciya, wani na gani da idona an maƙale labulen kicin da shi. Daga baya Tsinke ta daina kaiwa. Mata daga nesa suna layi don ta rataya musu abu a kunne, ita kuwa kunne ɗaya take so a duniya, shi ne ya ƙi ta.

In ka shiga shagonta a karon farko sai gabanka ya faɗi. Bangon dama duk kunnuwa ne farare, jere a kan ƙusoshi, manya da ƙanana, masu faɗi da masu tsini. Ba ta ƙera wa mace ɗan kunne sai ta zaunar da ita ta danna mata kaki mai ɗumi a kunne, ta zuba farin garin nan da ake ɗaurin karaya da shi a cikin gurbin, ta fitar da kunnen matar sak ta rataye. A kansa take gwada aiki. Ta ce ɗan kunnen da ya yi wa wata kyau kan zama wa wata kamar an rataya wa akuya ƙararrawa. Can ciki teburinta yake, da ƙaramar uwar maƙera da take dukan ƙarfe a kai, da magagari iri-iri, da bututun wutar gas, da wani kofin shayi wanda na rantse ba a taɓa wanke shi ba. Yatsunta duk tabon ƙuna.

Tallarta ma daban take. Da farko ta yi yadda kowa ke yi, ta ɗauko wata kyakkyawar yarinya aka yi mata kwalliya aka ɗauki hoto. Waya ta yi ta ƙara kuwa, sai dai duk maza ne, kuma ba wanda ya tambayi ɗan kunne, lambar yarinyar suke nema. Tsinke ta fusata ta ce ta gama da fuska har abada. Daga nan hotunanta kunne ne kawai, da ɗan gefen wuya, da abin da ta ƙera. Kunnen mai sayar da kifi, kunnen malamar makaranta, kunnen wata mai share banki. Ta haɗu da wani mai hoto wanda haukarsu ta zo ɗaya, dogo mai 'yar hula a karkace, wanda kan sa mutum ya sandare har wuyansa ya ƙage, sannan ya ce, "Haske bai yarda ba, a dawo gobe." Mutane suka fara yanke hotunan daga mujallu suna liƙawa a ɗaki. Ni dai ban ga abin liƙawa a kunnen mai kifi ba, amma ba a tambaye ni ba.

To, sai ta kama babban allon talla na shataletalen tsakiyar gari, wanda duk mai zuwa kasuwa ko asibiti sai ya zagaya ƙarƙashinsa. Saboda shi ta ƙera wani ɗan kunne da ban taɓa ganin irinsa ba. Siririyar azurfa ce ta lanƙwaso kamar ganye, da ɗigon koren gilashi a ƙasa. Ko ni da ba ruwana da kayan mata sai da na yaba. Matsala ɗaya, ya ƙi kowa. Ta gwada shi a duk kunnuwan bango, ta gwada wa ma'aikatanta, ta sa na riƙa tsayar da mota a titi tana leƙa matan mutane har aka kusa yi mana duka. Wannan ya yi kauri, wancan ya yi gajere, wancan ba shi da mutunci.

Na ce, "Ke Tsinke, wai kunnen wa kika auna kika yi abin nan?"

Ta ce, "Ban auna na kowa ba, Faifai. Daga kaina na yi."

"To kan naki kunnen wa ya gani?"

Ta buɗe baki za ta zage ni, sai ta rufe. Ta daɗe tana juya ɗan kunnen a tafin hannunta. Can ta ɗago, idonta ya yi wani ƙyalli da na sani tun zamanin cokula, ta ce, "Har yanzu Mama na barcin rana a doguwar kujera?"

Washegari bayan cin abincin rana muka shiga gidan Gwaggo mu uku, ni da Tsinke da mai hoto, takalma a hannu. Gwaggo na kwance a gefenta na hagu, tana jan numfashi a hankali, Allah ya taimake mu ɗankwalin ya zame. Rabon da in ga kunnen Gwaggo tun ina gajeren wando. Ƙarami ne, a kwance luf, fatar sumul kamar ba ta san shekaru sun wuce ba. Tsinke ta durƙusa, ta ɗora ɗan kunnen a kai a hankali, tunda ba huji. Ya zauna daram kamar da shi aka haife ta. Mai hoto ya yi nuni a kashe fanka don gilashin na rawa, ya miƙo min tiren shayi in riƙa tare hasken taga ina watsa shi kan kunnen. Zafi ya taso, gumi ya fara tsatstsafo wa Gwaggo, wani ƙuda mara tarbiyya ya zo yana shawagi. Ina riƙe da tire, ina karanto duk addu'ar da na iya. Mai hoto ya matso kusa da ni ya raɗa min, "Haske bai..." Na taka masa ƙafa da ƙarfina duka. Nan take haske ya yarda.

Da aka ɗaga allon, kunnen Gwaggo ya fi ƙofar gareji girma. Ba fuska, ba suna, sai kunne da koren ɗigo, da lambar shago a ƙasa. Gari ya ɗauka. Masu motar haya suka riƙa cewa "a sauke ni a Kunne". Mata suka cika shagon. Maza kuma ba su daddara ba, suka koma buga waya suna tambayar mai kunnen, ko tana da aure, ko iyayenta na da sauƙin kai. Wani ma har da aiko waƙa. Tsinke kan ce musu, "Iyayenta sun rasu, amma ita kanta ba ta da sauƙi." Dangi duk sun sani, kowa ya ja bakinsa ya tsuke, don ba mai son ya zama shi ne ya kai labari.

Ni ne na shiga uku, don ni ke kai Gwaggo awon jini. A danginmu in kana koyar da tuƙi to kai direban kowa ne. Na yi ta kewaye-kewaye da ita ta lunguna har ta ce ko na manta hanya ne in sauka ta tuƙa. Dole na bi ta shataletale, kuma kamar da gayya, cunkoso ya tsayar da mu daidai ƙarƙashin allon. Gwaggo ta gyara tabarau ta ɗaga kai.

Ta ce, "Wannan aikin 'yar uwarka ne ko?"

Na ce, "Kamar dai shi ne, Gwaggo."

"To ita na san ta, ba ta da ta ido. Amma wannan da ta ba da kunnenta aka baje a titi fa? Ba ta da iyaye ne? Ba ta da mafaɗi?"

Na ce wallahi ban san asalinta ba.

Ta ƙara dubawa, ta taɓe baki. "Kunnen dai da tsabta, ba laifi. Ka ga ba ta sa masa tsinke, ba ta sa ashana. Wata ce ta samu tarbiyya ta watsar."

Ashe mutum bai san kunnensa ba. Ka yi shekara saba'in kana ɗauke da shi, a nuna maka shi a titi ka wuce. Daga ranar kunnen nan ya zama abin hirar Gwaggo. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta kawo zancen 'yar mutanen da ta zubar da mutuncin gidansu a shataletale, ta ƙare da yabon tsabtarsa. Babana, ƙaninta, ya taɓa ƙwarewa da ruwa a gabanta har sai da ta bubbuga masa baya.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wanda ya tona mu ba dangi ba ne. Wani tsoho ne da ya yi aikin tuƙa motar asibiti a zamaninta. Ina gidan ya yi sallama, ya sha wanka, ya zauna a bakin kujera yana murmushi, ya ce ya zo taya Sista murna.

Gwaggo ta ce, "Murnar me?"

"Hoton mana, ranki ya daɗe. Ina hango shi na ce wa jikana, ka ga kunnen Sista can."

"Kana da hankali kuwa?"

Ya ce, "Haba Sista. Shekara nawa kina zaune a gefena a motar nan mai sitiyari a dama kina min faɗa? Ko sau ɗaya ba ki taɓa juyowa kin dube ni ba, titi kike kallo. Ni fuskarki ban riƙe ta sosai ba, amma kunnen nan na dama, ko a cikin dubu aka sa shi zan fitar da shi. Ai lokacin hular aiki ba ta rufe shi."

Na fara lissafin taku nawa ne tsakanina da ƙofa. Gwaggo ta sallami tsohon da mutunci, har da ba shi ruwa, sannan ta ɗauki jakarta ta ce min, "Tayar da mota." Ban tambayi inda za mu ba.

Tsinke na kan teburinta da tabarau na aiki a goshi sa'ad da uwarta ta sako ƙafa shagon, karo na farko a rayuwarta. Ma'aikatan biyu suka tuna suna da saƙo a waje. Gwaggo ta bi bangon kunnuwan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar tana zagayen gadajen marasa lafiya. Ta shafa teburin ta duba yatsanta. Ta leƙa kofin shayin ta kawar da kai. Sannan ta kama hannun 'yarta ta juya shi, ta daɗe tana kallon tabon ƙunar da ke yatsun.

Ta ce, "Me kike sa wa wannan?"

"Ba komai, Mama. Yana warkewa da kansa."

"Haka aka koya miki?" Ta saki hannun. "Ina barci kika shigo min da ƙato gida."

"Ƙatti biyu, Mama. Har da Faifai."

Kun ji taubashiyar kirki.

Gwaggo ta ce, "Da shi zan yi daga baya. Ke, duk kunnuwan nan da kika tara kamar mayya, ba su ishe ki ba sai nawa?"

Tsinke ta sunkuyar da kai. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Na gwada su duka. Ya ƙi zama a na kowa." Ta zare tabaraun aikin daga goshinta. "Gobe zan sa a sauke allon. Ki yi haƙuri."

"Wa ya ce ki sauke? Na ce ki sauke?" Gwaggo ta ajiye jaka a kan teburin da ƙarfi. "Abin da ya ɓata min rai, ƙarya kika yi wa jama'a. Duk garin nan na cewa matar ta sa ɗan kunne, alhali ɗora mata aka yi tana barci kamar gawa. Ni ban taɓa rubuta an ba mara lafiya magani ba alhali ba a ba shi ba. Kina huda kunne a nan?"

Tsinke ta ɗago a hankali. "Ina yi."

"Da me?"

Ta nuna mata. Gwaggo ta duba allurar, ta duba kwalbar sifirit, ta karanta ranar da aka rubuta a jiki, ta sa aka sake tafasa abin da aka riga aka tafasa. Ta tsaya a kan 'yarta ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta ce ba ta yi daidai ba ta sake. Sannan ta zauna a kujerar da mata ke zama, ta zare ɗankwalinta da kanta, ta miƙe wuya tana kallon bango.

Na sha ganin Tsinke tana huda kunnen jarirai suna tsala ihu ko a jikinta. Ranar nan sai ta riƙa kai allura tana janyewa kamar sabon ɗalibina a kan sitiyari. Gwaggo ta ce, "In za ki yi ki yi, ba a lallashin allura." Ta yi. Gwaggo ko gezau. Aka huda na dama, aka huda na hagu, aka goge. Tsinke ta buɗe wani ɗan akwati ta ɗauko azurfar nan mai koren ɗigo, ta sa mata a na dama, ta miƙa mata madubi.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta juya kai hagu, ta juya dama, gilashin na lilo a gefen wuyanta. Ban taɓa ganin ta kalli madubi don kanta ba, sai na kawar da kai ina goge ido, ni da na zo kallon faɗa.

Ta ce, "Ba nauyi." A bakin Gwaggo wannan kirari ne. Ta juyo da kunnen hagu. "Sa ɗayan."

Tsinke ta tsaya da akwatin a hannu, ba ta motsa ba.

"Ke nake jira. Ina ɗayan?"

"Babu, Mama. Guda ɗaya na ƙera."

"Wane irin maƙeri ne ke yin ɗan kunne guda ɗaya?"

"Hoto guda ɗaya yake buƙata." Hawaye suka zubo mata. "Ban taɓa zaton za ki sa ba."

Gwaggo ta ajiye madubin a cinyarta a hankali. Ta ciro hankici daga jaka ta miƙa wa 'yarta ba tare da ta dube ta ba, sannan ta jawo kujerarta ta matsa da ita har jikin teburin aiki, kusa da bututun wuta, ta gyara zama.

Ta ce min, "Kai, tafi abinka, in an gama a kira ka." Ta juya ga Tsinke. "Share fuskarki ki kunna wutar. Ina nan zaune, ba zan fita titi da kunne ɗaya ba."